Wane suna za mu ba "stucco" da Hausa?

1/ Magina da masu fassara, ku matso kusa. Kalmar stucco muke nema wa suna, ita da ɗan'uwanta da Turawa ke kira synthetic stucco. Wani ya ce mu rubuta "situko" kawai mu huta. To ai Ingilishi ma daga Italiyanci ya aro ta, ga shi kuma ba ta gaya wa mai gida komai game da abin da za a sa wa bangonsa.

2/ Na farkon ba shi da wuya. Siminti ne da yashi da ruwa, sau da yawa har da farar ƙasa don kwaɓin ya yi laushi a cokali. Hawa uku ake yi: na farko a kakkarce shi tun yana ɗanye don na biyu ya samu wurin kamawa, na biyu a daidaita bango da shi, na uku shi ne na ado. In bangon katako ne sai an fara buga ragar waya, kuma kaurin duka yakan kai wajen milimita 22. Duk magini ya san wannan da sunan shafe. Mu ce "shafen siminti" mu wuce. Yaɓe na laka ne, a bar masa wurinsa. Filasta kuwa ta haɗa ciki da waje, har da ta manna wa ciwo.

3/ Na biyun ne rigima. Shi ba kwaɓi ɗaya ba ne. Ana fara manna wa bango allunan farin soso, irin wanda ake kare sabon firji da shi a cikin kwali. A bi shi da siririn shafe, a nutsa ragar zaren gilashi a ciki tun bai bushe ba, sannan a rufe da wani mai haɗin roba wanda launinsa a jikinsa yake. Shafen da ke kan soson 'yan milimita ne kacal. A Jamus aka fara shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, don gidajen bulo su riƙe ɗumi, kamfanin Dryvit kuma ya shigar da shi Amurka a 1969. Can suna taƙaita cikakken sunansa, Exterior Insulation and Finish System, da EIFS.

4/ Daga nesa ba ka bambance su. Sai ka ƙwanƙwasa: na siminti ya amsa da tauri har gaɓar yatsa ta ji, na soso ya yi ƙarar fanko, in ka danna da babban yatsa ma ka ji ya ɗan lotsa.

5/ Sunaye uku aka kawo. Wata Hajiya mai fassara ta ce "jabun shafe". Ranki ya daɗe, synthetic ba jabu ba ne, abin da aka haɗa a masana'anta ne, kuma wajen tare zafi da sanyi ya yi wa siminti nisa, bai kuma cika tsagewa kamar shi ba. Zalunci ne a kira shi jabu. "Shafen zamani" ban ma tsaya kansa ba, abin da ya haura shekara 50 a kasuwa. Wanda ya fi samun magoya baya shi ne "shafen roba", kuma yana da daɗin faɗi. Matsalata da shi, fatar sama kaɗai ya ambata, mai ji zai ɗauka wani fenti ne mai kauri.

6/ Ga dalilin da na nace a kan abin da ke ƙarƙashin shafen. A tsakiyar shekarun 1990, a Wilmington ta jihar North Carolina, an gano gidaje da yawa da katakon bangonsu ya ruɓe alhali fuskar gidan fes. Ruwa ne ke shiga ta gefen taga da bakin rufi, ya maƙale a bayan soson, ba hanyar fita. Siminti yana shan ruwa amma yana sake shi, wannan kuwa ya rufe ruf. Aka yi ta shari'a, daga baya aka koma barin 'yar rata da shimfiɗar tare ruwa a bayan allunan don ya tsiyaye. Mai sayen gida yana bukatar sunan da zai sa ya tambaya me ke bayan shafen.

7/ Don haka ni ina kan "shafe mai soso".

8/ Wani Injiniya ya yi gyara mai kyau: a Turai wasu ba soso suke sa wa ba, audugar dutse ce, wato zare-zaren da ake yi da narkakken dutse, saboda ba ta cin wuta. Gaskiyarka, Injiniya. Sai mu kira wancan "shafe mai audugar dutse", ginin sunan bai canza ba. Abin da ya rage yanzu shi ne nau'in da ke da ratar tsiyayar ruwa. Na rubuta "shafe mai soso da magudana", amma ya yi tsawo a bakin magini. Wa ke da gajere?