Dan Allah a taimaka, Malam ya dawo min da babi na huɗu da layi ɗaya kacal

Mai Neman Mafita:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masana tattalin arziki ku agaza min wlh kaina ya kulle. Ina mastas ne, kundina a kan bashin gwamnati ne da yadda yake shafar kuɗin da magidanta ke kashewa wajen sayayya. Asali ma ba wannan ba ne takena, da hauhawar farashi na fara, na yi wata bakwai a kai har na gama babi biyu sai aka sauya min sufabaiza saboda na farkon ya tafi hutun shekara, sabon ya ce wannan take an yi shi har an gaji in nemo wani, na kai masa guda uku ya zaɓi wanda na sa a ƙarshe don cike gurbi kawai. Ana cikin haka kwamfutata ta mutu da duk abin da na tara a ciki, sai da na sake sauke komai daga shafin Bankin Duniya, daren da na yi ban runtsa ba Allah kaɗai ya san adadinsu, ga yaro ƙarami ga aiki.

To na haɗa alƙaluman shekara 30, daga 1990 zuwa 2019, na zuba a Stata, manhajar lissafin alƙaluma. Abin da ya fito shi ne duk shekarar da bashi ya hau idan aka auna shi da GDP, wato jimillar darajar abin da ƙasa ke samarwa a shekara, sayayyar jama'a sai ta ja baya. Na yi murna na rubuta cewa wannan ya gaskata maganar masanin tattalin arziki Robert Barro ta 1974, wato mutane sun san bashin yau harajin gobe ne, sai su ɗaure bakin aljihu su yi tanadi. Shafi 22 na rubuta. Jiya Malam ya miƙo min, ko waƙafi bai gyara a ciki ba, sai layi ɗaya da jan biro a shafin farko: "Wa ke jan wa? Ki cire hawa da saukar tattalin arziki ki dawo." Na ce Malam ban gane ba, ya ce yana da mitin. Saura sati shida in kare kundin. Me yake nufi, kuma yaya zan yi ba tare da na rushe babin ba?

Sarkin Alƙaluma:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata kwantar da hankalinki, wannan ai ƙaramin abu ne. Malaminki gaskiya ya faɗa. Idan tattalin arziki ya shiga matsi abu uku ne ke faruwa lokaci guda: haraji ya ragu gwamnati ta ci bashi, mutane su rasa aiki su rage sayayya, sannan shi kansa GDP ɗin da kike raba bashin da shi ya ragu. Ɗauki bashi 60 a kan GDP 100, kashi 60 ke nan. GDP ya sauko 90, ya zama kusan kashi 67 alhali ko sisi ba a ƙara ranta ba. Ke kin ga zomo biyu suna gudu kin ce ɗaya ne ke korar ɗaya, ba ki ga karen da ke bayansu ba. Ki sa matacin Hodrick da Prescott, wato lissafin da ke ware hawa da saukar daga doguwar tafiyar alƙaluma, ki ba shi 1600 a lambar da ke saita ƙarfin tacewar, ki tace komai, ki sake lissafin. Aikin yini ɗaya ne. Shi kuwa Barro ki manta da shi, zancensa ya daɗe da mutuwa.

Tsohon Ɗalibi:
Hmm. Ke kin ma yi sa'a da ya rubuta miki layi ɗaya. Ni nawa wata goma sha ɗaya babina yana cikin but ɗin motarsa, da ya fito da shi har takardar ta canza kala, sai ya ce in sabunta alƙaluman tunda sun tsufa. A hannun wa suka tsufa? Shekara huɗu na yi a mastas ɗin shekara biyu. Shawarata kar ki yi gardama da shi, abin da ya ce ki yi ko kin gane ko ba ki gane ba, ki karɓi takardarki ki wuce. Ilimi kya nema daga baya.

Malama Mai Alli:
'Yar uwa ban da labarin kwamfuta ba ki gaya mana abin da ake buƙata ba. Ƙasashe nawa ne, kuma waɗanne iri? Bashin cikin gida ne ko na waje? Alƙaluman na shekara-shekara ne ko na wata uku-uku? Sayayyar kin cire hauhawar farashi a ciki?

Mai Neman Mafita:
Ƙasashe 12 ne masu tasowa, na shekara-shekara. Bashin duka na haɗa, ban raba ba don ba kowace ƙasa ke da rabe-raben ba. Amma Yaya Sarki ni fa ban yarda Barro ya mutu ba, duk babi na biyu a kansa na gina, kuma sufabaiza na farko da na nuna masa ya ce abin ya yi kyau sosai. Sakamakon ma fa ya fito da taurari uku, alamar da ke nuna alaƙar tana da ƙarfi sosai a lissafi, ba wai da kyar ya fito ba.

Sarkin Alƙaluma:
Taurari uku ba sa hana ƙarya ƙanwata, ko ni zan fito miki da taurari uku tsakanin yawan lema da yawan taɓo. Ki duba, shi kansa David Ricardo da ake jingina wa ka'idar, a 1820 ya kawo lissafin amma ya ce bai ga alamar mutane na tunani haka ba. Don maganar Barro ta yi aiki sai kowa na iya cin bashi lokacin da ya so, sai kowa na tunanin harajin da jikokinsa za su biya, sai harajin bai canza halin kowa ba. Wa kika sani haka? Campbell da Mankiw a 1989 sun duba alƙaluman Amurka suka ga wajen rabin kuɗin shiga yana hannun mutanen da abin da ya shigo shi suke kashewa, ba ruwansu da lissafin gobe. A 2001 gwamnatin Amurka ta mayar wa mutane rarar haraji, dala 300 ko 600, kuma lambar shaidar mutum ce ke yanke makon da cakinsa zai iso, kamar ƙuri'a, shi ya sa binciken ya yi ƙarfi. Aka ga cikin wata ukun farko sun kashe kashi 20 zuwa 40 a kayan masarufi. Da Barro na da gaskiya da ajiyewa za su yi. A Amurka fa ke nan inda banki ke bin mutum da katin bashi, balle ƙasashenki 12. Ni na duba wa mutum ya fi ashirin irin wannan aikin, ki yi abin da na ce kawai.

Malama Mai Alli:
Malam Sarki a yi hattara. 1600 na alƙaluman wata uku-uku ne, ita nata na shekara ne. A na shekara 100 aka saba sawa, Ravn da Uhlig kuma a 2002 suka ce 6.25 ya fi dacewa. In ta sa 1600 a gaban kwamiti akwai wanda zai kama ta a minti na farko. Sannan James Hamilton ya fitar da takarda a 2018 yana cewa kar ma a yi amfani da matacin gaba ɗaya, don yana ƙirƙiro hawa da saukar da babu su a asalin alƙaluman, kuma ƙarshen jerin shekarun ne ya fi lalacewa.

Amma ni abin da ya fi damuna daban ne, kuma 'yar uwa ki yi haƙuri. Barro bai ce sayayya za ta ragu ba. Cewa ya yi in kuɗin da gwamnati ke kashewa bai canza ba, ko ta biya da haraji ko da bashi duk ɗaya ne, sayayya tana nan inda take, tanadi ne ke ƙaruwa daidai da rangwamen harajin. To ke kin samu ta ragu. Ko da lissafinki ba shi da aibi, ba Barro kika tabbatar ba.

Sarkin Alƙaluma:
Eh to 100 ɗin nake nufi, ai ba ta faɗi na shekara ba ne da farko. Hamilton kuma ra'ayinsa ne, har gobe manyan bankunan ƙasashe na amfani da matacin.

Talaka Bawan Allah:
Ni duk wannan turancin bai dame ni ba. Ba sai an yi mastas ba za a san in gwamnati ta ci bashi talaka ne ke biya. Su ranto, su kashe a abin da ba ka gani ba, kuɗin ruwa ya cinye kuɗin asibiti da makaranta, a dawo a ce ka ƙara ɗaure ɗamara. Wace ɗamarar kuma ta rage? Ki rubuta haka kawai 'yar uwa, duk wanda ya ce ƙarya ne ya zo mu zauna.

Ɗan Lissafi:
Baba ai ba kowane bashi ba ne. Japan bashinta ya haura ninki biyu na GDP ɗinta shekara da shekaru, amma da kuɗinta na yen ta ranta kuma yawanci a hannun 'yan ƙasarta. Girka ba ta kai haka ba ta durƙushe a 2010 don ba ita ke buga yuro ba. Shi ya sa tambayar Malama kan bashin gida da na waje take da nauyi, in darajar kuɗin ƙasa ta faɗi bashin dala kumbura yake yi a dare ɗaya, a daidai lokacin da kaya ke tsada mutane na rage saye. Wani karen ke nan a bayan zomayen. Kuma a ƙasashe masu tasowa Kaminsky da Reinhart da Végh sun nuna a 2004 cewa gwamnatoci sun fi kashe kuɗi lokacin da abubuwa ke tafiya daidai, su tsuke lokacin matsi, don a lokacin ne masu ba da rance ke guduwa. Don haka labarin da Sarki ya bayar ma ba lallai ya zauna daidai a ƙasashenta ba.

Mai Neman Mafita:
Malama na gode amma ni yadda na karanta, tanadi in ya ƙaru ai dole sayayya ta ragu, kuɗin ɗaya ne. Kuma ba zan iya raba bashin yanzu ba, in na raba ƙasashe biyar za su fita, Malam kuma da bakinsa ya ce kar su gaza goma. Ni ba canza hujja nake nema ba, hanyar da zan amsa jan biron nan nake nema in bar sauran yadda yake. Sati shida fa.

Malama Mai Alli:
Kuɗin ba ɗaya ba ne, an rage musu haraji, abin da ya ƙaru a hannunsu shi suka ajiye. Ki sake karanta shafukan farko na takardar da kanki, ba abin da wani kundin ya ce ta ce ba. Kuma gyara ba abin kunya ba ne. Reinhart da Rogoff na Harvard sun ce a 2010 in bashi ya wuce kashi 90 na GDP bunƙasa kan faɗi ƙasa da sifili kaɗan, 'yan siyasa suka yi ta kafa hujja da shi wajen tsuke bakin aljihu. A 2013 wani ɗalibi, Thomas Herndon, ya karɓi fayil ɗinsu na Excel ya ga an tsallake ƙasashe biyar wajen jan lissafi, ga wasu matsalolin na yadda aka auna. Da aka gyara sai ya koma kashi 2.2. In kin rubuta cewa alaƙar ta ɓace bayan kin cire hawa da sauka, wannan ma sakamako ne, a kansa za a ba ki digiri.

Tsohon Ɗalibi:
A takarda ne sakamako. Ni da na kai "babu alaƙa" cewa aka yi to me ka yi shekara huɗu kana yi.

Sarkin Alƙaluma:
Kar ku ruɗa yarinya da surutu. Mataci, 100, ki ƙara bunƙasar GDP da rashin aikin yi a cikin lissafin, ki ja bashin baya da shekara ɗaya, wato ki auna sayayyar kowace shekara da bashin shekarar da ta gabace ta, shi ke nan. Ki turo min fayil ɗin in kin so, daren nan zan gama miki.

Ɗan Lissafi:
Ja baya da shekara ɗaya ba ya maganin komai in matsin ya kai shekara uku. Kuma kar ki ba kowa fayil ɗinki ya yi miki, ke za ki tsaya gaban kwamiti ba shi ba.

Mai Neman Mafita:
Na gwada da 100 yanzu, taurarin sun koma ɗaya. Da 6.25 kuma babu ko ɗaya, alamar ma ta juya, wato yanzu in bashi ya hau sayayya ma hawa take. Ina ganin na 100 zan kai masa tunda shi ya fi kusa da abin da na riga na rubuta, Barro kuma zan bar shi a babi na biyu in ɗan sassauta kalmomin. Ko dole ne in nuna masa duka biyun?

Baƙo A Gidan:
Salam, afuwan na shigo a tsakiya. Ni ma a kan bashi nake nawa amma ta ɓangaren kuɗin ruwa, dan Allah wa ke da Stata da zai taimaka min da shi, nawa lasisin ya ƙare.