Gasar rawar ɗalibai 'yan asalin Indiya a Amurka: wace rawa ce ta tsaya muku a rai?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Jiya ina rage kayan waya na ci karo da wani tsohon bidiyo, hoton sai karkarwa yake, ba ka jin komai sai ihu. Gasar rawa ce ta ɗalibai 'yan asalin Indiya da Pakistan da Bangaladesh, wadda abokin ɗakina ya ja ni kallo a shekarata ta farko a Ohayo. Na san da yawa a cikinmu sun yi karatu a Amurka. Wa ya taɓa shiga irin wannan zaure, kuma me ya gani da har yau bai manta ba?

Ga wanda bai san harkar ba: kusan kowace babbar jami'a tana da ƙungiya, wata ma uku ko huɗu. Daga wajen Janairu zuwa Afrilu, kusan kowace Asabar akwai gasa a wani gari. Ana ba kowace ƙungiya minti takwas zuwa goma, a ciki za su ba ka labari sukutum, da jarumi da jaruma da mugu, suna tsalle daga bangara ta Panjab zuwa rawar gargajiyar kudu zuwa hip-hop. Waɗanda suka tara maki a kakar su ake gayyata gasar ƙarshe, irin su Legends.

Tawa ita ce ta akwati. Wata ƙungiya ta yi labarin iyayen da suka baro gida. Tun da aka ɗaga labule akwai wani tsohon akwati a gefen dandamali, an haska shi da 'yar fitila, ba wanda ya taɓa shi. Ana ta tsalle, ana ta ɗaga mutane sama, ni kuwa idona na kan akwatin. A minti na ƙarshe 'yar gidan ta durƙusa ta buɗe. Na zaci hoton kaka za ta fito da shi, ko zinare. Sai ga tukunya, irin mai murfin kullen nan da ke fito idan wake ya nuna. Zaure ya kece da dariya, iyaye mata har da share hawaye, ni kaɗai na yi zuru kamar baƙon kurma. Sai a hanya abokina ya ce ai babu uwar da ta sauka a filin jirgi ba da tukunyar nan a akwatinta ba, tasu ma tana nan, ta girme shi.

'Yar Damagaram:
Wa alaikumus salam Yaya. Ni ta sanda ce ta kama ni, wadda suke kira ras, ta mutanen Gujarat. Ita gasarta daban ce, ba a gauraya ta da hip-hop. A garin Ann Arbor na jihar Mishigan ana yin wata babba mai suna Dandia Dhamaka, ta ƙarshensu kuma Raas All-Stars. Kowa da 'yan sanduna biyu a hannu, ana juya su tsakanin yatsu ana bugawa da na abokin rawa, ƙafa kuma ba ta hutawa ko na daƙiƙa. A wata gasa da na je, sandar wata yarinya ta suɓuce ta gangara tsakiyar fili. Duk muka ja numfashi, don wanda ya taka ta sai ƙasa. Yarinyar ba ta ko kalli inda ta faɗi ba, murmushinta na nan, tana buga iska da hannu wofi daidai da kiɗa. Da layin maza ya zagayo, na ƙarshensu ya sunkuya a daidai inda dama rawar ta ce a sunkuya, ya tsince ta, zagaye na gaba ya saka mata a hannu. Wallahi ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Wata tsohuwa a gabana ta waiwayo ta ce in ƙara.

Kawu na Maryland:
'Ya'yana, ku dafa-duka kuka tarar. Mu da muka zo tun shekarun 1990, Bhangra Blowout muka sani, ta ɗaliban Jami'ar George Washington a birnin Washington. Bangara zalla. Samari da rawuna masu tuntu kamar mafici, da ganga guda da ake kira dol, ana dukanta da sanda biyu, kauri a gefe ɗaya siriri a ɗaya. Idan aka buga ta a haƙarƙarinka kake ji. Sai wani katako mai buɗewa da rufewa da suke kira sap, mutum goma sha biyu su rufe shi lokaci guda, kas! kamar an harba bindiga. Ni da na tashi ina tsallake katanga don in je Plaza da Eldorado kallon Indiya, na zaci na gama sanin rawarsu. Ashe abin da fim yake ba mu romo ne, naman yana wurin manoman Panjab. Wannan ta zamani kuwa, kafin ka gane rawa ɗaya an sauya kaya an shiga wata. Kun taɓa ganin an yi koroso na minti ɗaya an koma asauwara?

Ɗan Fagge:
Allah ya ja kwana Kawu. Amma yaran nan a Nu Jazi da Teksas aka haife su. Iyayensu da kakanninsu yawanci bayan dokar shige da fice ta 1965 suka shigo. A mota uwa ta sa waƙar Tamil, a makaranta hip-hop. Dafa-dukar ita ce abincin gidansu.

Kawu na Maryland:
Na ji. Amma dai a bar ganga ta yi magana.

Mai Fitila:
Ni ta bayan labule zan ba ku, don shekara biyu na yi ina aikin ɗalibi a ɗakin fitilun zauren makarantarmu. Ranar gasar Indiyawa ita ce ranar da ba ma so a jadawali. Kowace ƙungiya za ta kawo takardar sauyin haske mai layi kusan hamsin, ja a daƙiƙa kaza, duhu a daƙiƙa kaza, kuma da rana 'yan mintoci kawai ake ba su su gwada filin. Ga katakon ado da suka ƙera da kansu suka ɗauro a motar haya, wani ƙofar zaure ma ba ya shiga sai an kwance shi.

Wani dare, ƙungiya ta biyar tana tsakiyar rawa, sauti ya ɗauke ɗif. Daga wajenmu ne, wata waya ce ta saki. Ina daga sama ina kallon mutum wajen ashirin a fili babu kiɗa. Shugabarsu ta ɗaga murya ta fara ƙirga, biyar, shida, bakwai, takwas, suka ci gaba. Abin da ya sa tsigar jikina ta tashi, a al'adarsu 'yan sauran ƙungiyoyi sukan zo gaba su yi wa abokan hamayya kirari. Sai waɗannan suka ɗauki waƙar da baki, suna dukan kujeru. Kafin mu gano wayar, zaure kaf ya ɗauka. Ni kuwa takardata ba ta da sauran amfani tunda lissafin daƙiƙa ya rushe, sai na koma bin ƙafafunsu da ido ina sauya haske. An ce su sake daga farko, suka sake, amma ta biyun ba ta kai ta farkon daɗi ba. Oganmu bai yi mana magana ba sai Litinin.

'Yar Damagaram:
Sun ci?

Mai Fitila:
Ko na uku ba su zo ba, ƙanwata.

Ɗan Zango:
To ni ba kallo na yi ba, a ciki nake. Daga Kumasi na zo, ina ɗan taɓa rawar zamani, wani ɗan ajinmu ya ce suna neman maza. Na ce rawar Indiya ai tun ina yaro nake kwaikwayo a tsakar gida. Makon farko na gane kurena. Bangara a tsugune ake yin rabinta, gwiwa sama, kafaɗa na rawa, kuma dole haƙoranka su kasance a waje. Kyaftin ɗinmu kullum faɗansa ɗaya, fuska, fuska! Wai alƙali yana ba da maki a kan fuska. Atisaye daga tara na dare zuwa sha biyu, idan gasa ta matso har biyu, wani lokaci a garejin ajiye motoci saboda ba mu samu ɗaki ba.

Wadda ba zan manta ba ta 2023 ce, da azumi ya faɗo a ƙarshen kakar gasa. Mu huɗu ne masu azumi, ni da 'yan Pakistan biyu da wata 'yar Haidarabad. An sha ruwa saura kamar minti ashirin mu hau. Muna tsaye a lungu cikin kayan rawa, fuska duk hoda, muka raba dabino da ruwan gora ɗaya. Wani yaro Bahindu da ko albasa ba a ci a gidansu shi ya riƙe mana agogo yana cewa saura minti biyu, saura ɗaya. Muka yi Magariba a kan kwalin da aka naɗo kayan ado. A rawar akwai inda ake sa duhu, 'yan mata shida su fito da akayau a ƙafa, ba kiɗa, sai dukan diddige irin na baratanatiyam, wata rawar gargajiyar kudancin Indiya. Ina tsugune a bayan katako ina jiran fitata, cikina ba komai sai dabino uku, ina jin ƙarar akayau ɗin ta cikin allon dandamali har tafin hannuna. Na biyu muka zo. Gwiwata ta hagu har yau tana gaya min idan za a yi sanyi.

Maman 'Yan Biyu:
Sannunku da hira. Ni tambaya ce da ni, ku yi haƙuri na karkatar da zancen. 'Yata ta shiga jami'a bana, ƙawayenta duk Indiyawa ne, ta ce tana so ta gwada. Babanta ko sauraro bai yi ba. Ɗan Zango, tsakaninka da Allah, ya abin yake?

Ɗan Zango:
Anti, ba zan rufe ki ba. Akwai ƙungiyoyin mata zalla, kamar PENNaach a Jami'ar Pensilbaniya, akwai na maza zalla kamar Penn Dhamaka, amma 'yan kallo a gauraye suke ko'ina. Sutura ya danganta da ƙungiya. Tamu 'yar Haidarabad ɗin da dogon hannu da wando take rawa, ba wanda ya ce mata kanzil. Bayan kowace gasa akwai casu, kuma ana shan giya, sai dai ba a tilasta wa kowa zuwa, mu otal muke komawa mu ci biriyani. Abin da ya fi ba ni tsoro a kanta ma karatu ne da kuɗi. Tikitin jirgi da otal da ɗinki yawanci daga aljihunka ne, kuma zangon da muka fi yawo shi ne sakamakona ya fi muni.

Kawu na Maryland:
Hajiya, ki saya tikiti uku, ke da ita da babanta, ku je ku zauna ku gani da idonku tukuna. Ki zaɓi wadda akwai ganga.

Maman 'Yan Biyu:
Kawu, ai shawo kan babanta ya shiga motar shi ne aikin. Ɗan Fagge, turo min bidiyon tukunyar nan in fara da shi.