Kogin Misisipi ya ƙi sauka, ga kuma hasashen hadari kullum: mene ne abin tsoro a ciki?

Sabon Ɗalibi ya rubuta (10 ga Yuni, 2019):

Assalamu alaikum, da fatan an yi sallah lafiya. Ni ɗalibi ne a birnin St. Louis na jihar Mizuri a Amurka, kuma wannan ne lokacin zafi na farko da zan yi a nan. Shekaranjiya aka sanar da cewa kogin Misisipi ya kai ƙololuwar cikarsa, wato kimanin ƙafa 46, alhali daga ƙafa 30 ake lissafin an shiga ambaliya. Na je wajen dogon ginin nan mai siffar baka (Gateway Arch) na bakin kogi na ga titin da ke ƙasansa ya nutse, sai sandunan fitilu ne kawai suke tsaye a tsakiyar ruwa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, hasashen hukumar yanayi yana nuna ruwan zai ɗauki makonni kafin ya koma gurbinsa, ko da yake ana samun ranakun da rana take ƙwallewa babu ko ɗigo. Sannan kusan kowace rana wayata tana nuna yiwuwar hadari da tsawa kashi 30 ko 40 cikin ɗari. Me wannan adadi yake nufi, kuma shin ya kamata in damu, tunda ɗakina na ƙarƙashin ƙasa ne amma yana nesa da kogin?

Baban Hanifa ya amsa:

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Ruwan da ka gani ba na St. Louis ba ne, baƙo ne da ya yi doguwar tafiya. Birninku yana zaune ne ƙasa kaɗan da mahaɗar kogunan Mizuri da Misisipi, kogin Ilinoyi ma yana zubowa a kusa da garin Grafton, saboda haka yawancin abin da sama ta zubar a Nebraska da Kansas da Iowa da Minnesota ta ƙofarku zai wuce. Tun watan Maris aka fara, lokacin da ruwan sama ya sauka a kan dusar ƙanƙara, ƙasa kuma tana daskare ba ta iya sha, har madatsar Spencer ta Nebraska ta ɓalle. Daga nan ba a huta ba: watanni goma sha biyu da suka ƙare a Mayun bana su ne mafi yawan ruwa da aka taɓa rubutawa a ƙasar zuwa lokacin.

Idan ka tuna Lakwaja a shekarar 2012 za ka gane nan take. A watan Satumba ne ruwa ya yanke hanyar Abuja, ba don an kwana ana ruwa a garin ba, sai don Neja da Binuwai sun iso da abin da suka kwaso daga nesa. Babban kogi a hankali yake cika, a hankali kuma yake janyewa, domin ruwan da ya bazu cikin gonaki da fadamu sai ya dawo cikinsa sannu a hankali. Ka kwantar da hankalinka, a 1993 ma Misisipi ya haura ƙafa 49 da rabi a St. Louis amma katangar da ke kare birnin daga ambaliya ta riƙe.

Malama Injiniya ta amsa:

Bayanin Baban Hanifa daidai ne, amma ban yarda da batun kwantar da hankali ba, domin abin da ya kamata ɗalibinmu ya ji tsoro ba Misisipi ba ne. Shi babban kogi yana ba da sanarwa kwanaki kafin ya iso, an san inda zai kai, an jera buhunan yashi. Wanda ba ya sallama shi ne ruwan da hadari ɗaya zai juye cikin awa guda a kan ƙasar da ta riga ta ƙoshi. Ƙananan rafuka da magudanan birni, irin su River des Peres, cikin babban kogi suke zubarwa, kuma idan ya cika ba su da inda za su kai ruwansu, sai ya dawo baya ya fito ta kwatami. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa shi ne wurin farko da yake samu. Na taɓa zama a irin wannan ɗaki a wata jiha, na farka da asuba na sa ƙafa cikin ruwa har idon sawu, ga jakar takarduna tana ƙasa. Ka ɗora fasfo da kwamfuta da wayoyin lantarki a kan abu mai tsayi tun yau, ka kuma tambayi mai gidan ko akwai injin tsotse ruwa, kuma yana aiki.

Game da kashi 40 kuwa, ma'anarsa ita ce yiwuwar a sami ruwan da za a iya aunawa a daidai inda kake cikin lokacin da aka ambata. Bai faɗi yawan ruwan ba, bai faɗi tsawon lokacinsa ba. Hadarin Yuni a wannan yanki gutsi-gutsi yake zuwa, kamar na farkon damina a gida, inda za a jiƙa unguwa ɗaya a bar maƙwabciyarta da ƙura. Dalilinsa iska ce mai ɗumi da danshi da take tasowa daga tekun Meziko, wadda sau da yawa takan ƙara ƙarfi bayan faɗuwar rana, shi ya sa hadari da yawa cikin dare suke tashi.

Direban Tirela ya amsa:

Ni abin da zan ƙara na hanya ne. Kada ka shiga ruwan da ya rufe titi da mota, komai ƙanƙantarsa a ido, musamman da dare, domin ruwa mai gudu da ya kai ƙafa ɗaya yana iya ɗauke ƙaramar mota, kuma ba ka san ko ya cinye kwaltar da ke ƙarƙashi ba. Hanyar bakin kogi tsakanin garuruwan Alton da Grafton a rufe take, kada ka ce za ka je kallo. Ka kuma bambance sanarwa iri biyu: akwai wadda take cewa yanayi ya dace da tashin guguwa, a zauna cikin shiri, akwai kuma wadda take cewa an gan ta ko na'ura ta hango ta, a nemi mafaka nan take. Guguwar da ta afka wa Jefferson City, babban birnin jihar Mizuri, ranar 22 ga Mayu kusan tsakar dare ta zo. Idan ka ji jiniyar gargaɗin guguwa ranar Litinin ta farkon wata da ƙarfe 11 na safe, gwaji ne, amma in ba wannan lokaci ba, ka sauka ɗakinka ka nisanci taga.

Sabon Ɗalibi ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kwashe takarduna na ɗora a saman kabad, mai gidan kuma ya ce injin yana nan amma da lantarki yake aiki. To, Malama, idan hadarin ya ɗauke wuta cikin dare kuma jiniya ta yi kuka, in zauna a ƙasa saboda guguwa ne ko in hau sama saboda ruwa?