Rai dangin goro ne: wane ruwa ake ba shi?

'Yar Kaltungo: Salama gare ku 'yan'uwa. Shekara biyu ke nan babana yana zuwa Gombe wankin ƙoda, sau biyu a mako. Jiya wata dattijuwa daga Zumuntar Mata ta coci ta zo duba shi. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Ta riƙe hannunsa ta ce, "Baba, rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi." Maganar ta tsaya mini a zuciya, don likita ma ya taƙaita masa shan ruwa. Ta dace a faɗa wa mara lafiya?

Mai sayar da goro a babbar kasuwar Gombe: 'Yata, sannu da jinya. Goro daga kudu yake zuwa cikin huhu, a naɗe da ganye. Mukan buɗe, mu tsince wanda ya ɓaci, mu yayyafa ruwa, mu sake rufewa. Ka bar shi a iskar hunturu, sai ya yamutse. Abin da magabata ke nufi ke nan: rai sai da lallaɓawa. Amma duk kulawarka, ba ka hana goro tsufa.

Ɗalibin makarantar Baibul a Billiri: Baba mai goro, a nan ne nake ganin Mama dattijuwar nan ta yi nisa. A Yohanna sura 4, Yesu ya gaya wa Basamariya a bakin rijiya cewa mai shan ruwan rijiyar zai sāke jin ƙishi, amma ruwan da shi yake bayarwa yana ɓuɓɓugowa zuwa rai madawwami. Bulus kuma, a 2 Korantiyawa 4:16, ya ce jikinmu yana lalacewa, amma ruhunmu ana sabunta shi kowace rana. Goron zai yamutse, wanda ke cikinsa ba zai yamutse ba.

Malamar asibiti daga Bauchi: Ƙanena, na yarda da nassin, ban yarda da jan karin maganar ba. Bahaushe hutu da kula da jiki yake nufi. Na ga iyalai sun daina kai mara lafiya asibiti, suna cewa ai sama za shi. Begen tashin matattu ba ya hana biyan kuɗin magani. Yesu da kansa ya yi kuka a kabarin Li'azaru.

'Yar Kaltungo: Yaya, ba mu fasa ba, gobe Talata za mu tafi. Na karanta wa Baba amsoshinku. Ya ce in buɗe masa 2 Korantiyawa sura 5, inda aka kira jikin nan alfarwa, aka ce muna da gida a sama. Ya saurara ido rufe, sannan ya ce in jiƙa masa leɓe da cokali, in kuma guga masa rigar da zai sa gobe.