Masu zubin tagulla a taimaka, mazubina sai tsagewa yake

Salam 'yan uwa, don Allah wanda ya san harkar zubi ya leƙo nan. Ina son zuba ɗan mutum-mutumin doki da tagulla, amma maimakon kakin zuma irin na maƙeran birnin Benin na Najeriya sai na buga siffar da firintar 3D da robar PLA, na lulluɓe ta da filasta haɗe da yashi mai laushi, na bar hanyar zuba ƙarfe da ƙananan ramukan da iska za ta fita.

To matsalar wajen ƙona robar take, don ta fita ta bar gurbin da tagullar za ta shiga a cikin mazubin. Kakin zuma da ya ji wuta yake tsiyayewa ya fita abinsa, ita kuwa PLA sai ta fara kumbura tukuna kafin ta narke, kafin ka ankara filastar ta tsage ta wajen cikin dokin inda ya fi kauri, in kuma ba ta tsage ba sai toka ta maƙale a ƙafafu, tagullar ta fito da ramuka kamar ƙuraje. Gawayi nake amfani da shi, ba ni da murhun lantarki, kuma na ji ana cewa sai zafi ya kai wajen digiri 700 a hankali, to ya zan yi in gane hakan da ido?

Sannan in buga siffar da rami a ciki da siririn bango ko kuwa? Ko yumɓu da kashin jaki na maƙeranmu zai fi filasta jurewa? Kalar robar ma ina zarginta, baƙa ce, ko fara tas ba ta barin toka haka?