Enzayim ɗin da ke hura kumburin hanji, me ya hana a faɗa mana?

Yaya Babba: Wallahi raina a ɓace yake. Ƙanena ya daɗe yana fama da kumburin babban hanji, gudawa da jini, kullum a ce masa basir ne, sai da abu ya yi nisa aka zura masa kyamara aka ga kansa ce. Yanzu nake jin wai akwai enzayim a jiki, wato sinadarin da ke sarrafa wasu sinadarai, sunansa COX-2, shi ke ɗaukar wani kitse ya mayar da shi wani sinadari mai suna PGE2, wannan ɗin ke hura kumburin, kumburi kuma in ya daɗe shi ke share wa cutar kansa hanya. Kuma asfirin yana toshe enzayim ɗin! To me ya hana likitoci faɗa wa mutane?

Maman Biyu: Allah ya ba shi lafiya. Amma kitse kuma? Mijin yayata siriri ne kamar tsinke, kuma kansar hanji ce ajalinsa. Don Allah ku daina ɗora wa masu jiki komai.

Ɗan Lab: Hajiya ba kitsen tumbi ake nufi ba. Arakidonik asid ne, yana cikin fatar ƙwayoyin halitta, siriri da mai ƙiba kowa na da shi.

Maman Biyu: Kitse dai ya ce, da idona na gani.

Malam Shiru: Ai mai ne ma ba kitse ba, kitse shi ke daskarewa.

Famasis: Ƙiba fa tana ƙara haɗarin kansar hanji, ba zagi ba ne Hajiya.

Maman Biyu: Kai aka tambaya? Duk wanda ya sa farar riga sai ya fara auna mutane da ido.

Famasis: Ki yi haƙuri. Ni asfirin ɗin ne ya dame ni, kar wani ya karanta ya fara sha, yana tsinka jini a ciki, kuma mai kumburin hanji irin waɗannan magungunan suna iya tayar masa da ciwon. Maganin rage ciwo Vioxx ma COX-2 yake toshewa, ana cikin gwada shi don hana tsiron hanji aka ga yana jawo bugun zuciya, kamfanin Merck ya janye shi a 2004.

Ɗan Lab: Ka faɗi rabi ka bar rabi. Gwajin CAPP2 fa? Masu cutar gado ta Lynch mai ƙara haɗarin kansar hanji, an ba su asfirin 600mg a rana, kansar hanji ta ragu a cikinsu.

Famasis: Masu Lynch, kuma likita na duba su. Ku 'yan lab kun haddace sunan sinadari amma ba ku taɓa tsayawa kan wanda ke aman jini ba.

Ɗan Lab: In ba mu ba da sakamako ba me za ka sayar?

Malam Shiru: Har yanzu ba a ba ni amsa ba, mai ne ko kitse?

Maman Biyu: Su dai su janye maganar ƙiba.

Yaya Babba: Jama'a ƙanena nake magana fa.

Admin: Ya isa haka, na rufe. Abin da ya fito fili shi ne Famasis ya fi kowa hujja, shi ke ganin marasa lafiya ba kwalabe ba, na jima a sana'ar na sani. Ɗan Lab ya kawo gwaji ɗaya yana ta ɗaga murya. Hajiya kuma ba wanda ya zage ki. Kar wanda ya sha asfirin don wannan sai likita ya ce, duk mai ganin jini a bayan gida ya matsa a duba hanjin da kyamara. Yaya Babba, Allah ya tashi kafaɗun ƙanenka.