Kukan Ishaya 63 da 64: yaya za a koyar da shi a nazarin Laraba?

Malam Ɗanladi, Sabon Gari:
Salama a gare ku iyayena da 'yan'uwa. An ba ni jagorancin nazarin Laraba a kan Ishaya 63:15 zuwa 64:12, minti arba'in da biyar. Ta ina zan yanka wurin? Kuma me zan ce game da 63:17, inda annabi ke tambayar Ubangiji don me ya sa suka kauce wa hanyarsa, ya taurare zukatansu? Na san matasa za su ce laifi ya ɗora wa Allah.

Rabaran Bitrus, Nomansland:
Malam, ja da baya tukuna. Addu'ar daga 63:7 ta fara. In ka soma daga aya 15, jama'a za su ji ƙorafi tsirara ba tare da tushensa ba. Daga 7 zuwa 14 tuni ne da alherin da: Musa, raba teku, da yadda suka tayar suka ɓata wa Ruhu Mai Tsarki rai. Ba wa wannan minti biyar, karatu kawai. Sai 63:15-19, kukan kansa, a nan za ka zauna, minti goma sha biyar. 64:1-7 roƙo ne Allah ya tsaga sammai ya sauko, sannan amsa laifi, minti goma. 64:8-12 ta ɗauki goma, biyar ɗin da suka rage a yi addu'a.

Kada ka tsallake tarihi. 64:11 ta ce Haikali ya ƙone. Babiloniyawa ne suka cinna masa wuta a zamanin Nebukadnezzar, wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. Karanta musu 2 Sarakuna 25:9. Mutanen da suka rasa gari da wurin sujada ne ke magana.

Batun aya 17 kuwa, sa su riƙe yatsa a kai su juya 64:5-7. Bakin da ya ce "don me" shi ne ya ce mun yi zunubi, adalcinmu tsumma ne mai dauɗa. Ba su wanke kansu ba. Sun gane cewa Allah ya sake su ga taurin kansu, kuma in ba shi ya juyo ba, ba mai juyo da su. Shi ya sa ayar ta ƙare da roƙon ya komo saboda bayinsa.

Mama Rifkatu, Zumuntar Mata:
Na gode Baba Rabaran. Ɗana Ɗanladi, Mai Fansa ɗin nan na 63:16 kada ka bar shi a iska. Buɗe Littafin Firistoci 25. Aya 25: in talauci ya sa mutum ya sayar da gonarsa, danginsa mafi kusa ne zai biya ya dawo da ita. Aya 47 zuwa 49: in ya sayar da kansa ga baƙo, ɗan'uwansa ko baffansa ko ɗan baffansa zai fanshe shi. Irin fansar gonar nan ce Bo'aza ya yi a Rut 4. Duk wanda aka taɓa jinginar da gonar gidansu zai gane nan take. To a wannan ayar sun ce ko Ibrahim bai san su ba, Isra'ila, wato Yakubu, bai shaida su ba. Dangin da za su fansa sun ƙare, saura Allah. Wannan ya sa Uba da Mai Fansa suke aya ɗaya.

Dattijo Yohanna, Badawa:
Ƙari kaɗan. Sau uku aka kira Allah Uba a wurin: biyu a 63:16, ɗaya a 64:8. Tunda a Kano muke, yaranmu na shan tambaya a makaranta da kasuwa, a fayyace musu cewa ba haihuwa irin ta jiki ake nufi ba. 64:8 da kanta ta bayyana: mu yumɓu ne, shi ne magini. Halitta da alkawari ne.

Kuskuren da na fi gani shi ne mai koyarwa ya ji nauyin yadda 64:12 ta ƙare da tambaya, sai ya yi maza ya lulluɓe ta da waƙar murna. A bar ta yadda take. Amsar Allah tana 65:1, ka ajiye ta sai mako mai zuwa. In kuma kana shiri da sharhin da ke bin lambobin Ibrananci, lura: 64:1 tamu tana cikin 63:19 a wurinsu, saboda haka duk sura 64 tana zamewa da aya ɗaya. Tabbatar da lambobinka da Littafi Mai Tsarkin da ke hannun jama'a kafin ka rubuta a allo.

Malam Ɗanladi:
Allah ya saka da alheri. Baba Rabaran, 64:4 fa, mai zancen abin da kunne bai ji ba ido bai gani ba, in haɗa ta da 1 Korantiyawa 2:9?

Rabaran Bitrus:
Ambata kawai cewa Bulus ya ɗauko daga nan. In ka shiga Korantiyawa, lokacin addu'a ne zai tafi.